Kujerar Barebari

"Kawu Akaa? Mai sayar da doya? Me ya sani game da haihuwa, ban da cin tuwon suna?"

Muryar Ngodoo ke nan, matar Terver, masu haya a ɗakin da ke jikin nawa. Ni Yagana ba na laɓe, Allah ne shaida. Bangon ne ba shi da kauri, kuma a gindinsa na fi jin daɗin tsince shinkafa.

Ga abin da ya haɗa su. Wani kwamiti a majalisar dokokin jiha zai saurari jama'a kan dokar zubar da ciki, a sassauta ko a bar ta yadda take. Terver ma'aikacin kwamitin ne, shi aka ce ya zaɓo masu magana. Ngodoo kuwa nas ce a Agyaragu. Bara ƙanwarta 'yar sakandare ta sha wani haɗi a ɓoye ta rasu a hannunta, tun ran nan ta rantse sai manya sun ji daga bakinta.

"Maman Doose, ki gane mana," in ji Terver. "Ciyaman ya ce a yi adalci. Na ba Eggon ɗaya, Alago ɗaya, Migili, Gwandara, Fulani, kowace ƙabila ta samu. Ga fasto, ga liman. Kujerarmu ta Tibi ɗaya ce, kuma Kawu ya riga ya ɗinka riga."

"Duk maza. Kuma duk abu ɗaya za su faɗa."

"To ai kowa da yarensa."

Nan na ga ya kamata a samu babba a wurin. Na yi sallama na ce a ara mini ashana, alhali kwali guda na ƙulle a bakin zanena.

"Ɗana, mu Barebari fa? Ko an mance da masu gari?"

"Malam Modu na sa, Iya, sai ƙafa ta kwantar da shi." Ya tsaya ya ƙare mini kallo, sai fuskarsa ta washe. "Kai, ai ke ce. Babarbariya, Musulma, mace, ga tsufa. Kujera ɗaya ta rufe baki huɗu."

Ngodoo ta harare ni kamar ta kama ni da akuyarta. Na yi kamar ban gani ba, na gyara zama a kujerarsu mai laushi na ce na karɓa.

"Ba wani aiki ba ne," in ji shi. "Ki gaishe su, ki sa albarka, ki zauna."

"Haba, bayan an ba ni lasifika? Zan faɗi abin da na sani. Akwai wani mai jar hula da ke ajiye mota bayan kemis ɗin hanyar Makurdi. Akwai yarinyar Assakio da aka ce ta tafi hutu Jos, ta dawo a rame, kuma wanda ya kai ta tasha, in ban yi kuskure ba, kusa da ciyaman yake zama."

"Iya, ba a kiran suna a wurin."

"Ni ban iya labari babu suna ba. Miya ce ba gishiri."

"A rediyo fa za a sa."

"Madalla. Ƙawata ta Adogi ma ta ji."

Gumi ya karyo masa. Ya ce ya sake tunani, zama zai yi tsawo, kada in gaji. Na ce ya cire ni ya gani, kafin la'asar dattawanmu sun ji cewa an raba kujeru an hana Barebari.

"Sai dai gwiwar nan tawa," na ce, ina murza ta. "A wurinmu in tsohuwa ba ta iya zuwa biki, takan tura wakiliya, kuma ba a tambayarta wa ta turo. Ngodoo, 'yata, kina da mayafi ko in ara miki?"

Ngodoo ta sunkuyar da kai, tana danne dariya. "Ina da shi, Iya."

"Matata, Batibiya, a kujerar Barebari? Me zan ce wa ciyaman?"

"Ka ce masa ko ita ko ni. Ina ashanar?"

Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya suri takalminsa a hannu ya fita ya buga ƙofa.