Yadda Na Sauke Madugu Jatau

Ni na sauke Madugu Jatau daga jirginsa. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya ɗora wa Irene laifi, ko 'yan gurup ɗinmu da suka bi ni ido rufe.

Ina yaro a Kaduna akwai wani wasan kwaikwayo da ake sawa a rediyo duk Lahadi bayan la'asar, sunansa Tafiyar Shamuwa. Shamuwa jirgin sararin samaniya ne, ya ɗebi manoma ɗari uku da buhunan iri, suna neman wata duniyar da damina ba ta yi wa mutane yaji. Shugaban jirgin shi ne Madugu Jatau. Gidan rediyon ba ya faɗin sunayen 'yan wasa, don haka a wurinmu Madugu ba shi da wani suna sai Madugu. Murya gare shi mai kauri da natsuwa, in ya ce a ɗaure kaya har mahaifiyata takan tsaya da tankaɗe. Ina aji uku a sakandare aka daina shirin, Shamuwa tana tsakiyar hanya, ba wanda ya taɓa gaya mana ko ta sauka.

Yanzu shekarata hamsin da biyu. Sunana Almu, injiniya ne ni, ina zaune a hawa na sha ɗaya a wani dogon bene a Alexandria, wani gari a ƙasar Turawa. Ni ne kuma admin na gurup ɗin masoya Shamuwa a waya, mutum ɗari biyu da arba'in, daga Houston har Yamai. Ina da kaset goma sha bakwai na tsohon shirin, waɗanda na fi kula da su fiye da takardun makarantata. Matata Sadiyya takan ce na fi sanin sunayen ma'aikatan jirgin nan a kan ranakun haihuwar 'ya'yana. Ban taɓa musa mata ba, don ba ta yi ƙarya ba.

A bazarar bara wata nas 'yar Jos mai suna Irene, da ke zaune a Fort Washington, ta haɗa kai da abokanta suka ci gaba da labarin daga inda ya tsaya. Sauti ne kawai kamar na da, sai dai yanzu a waya ake saurare, kashi ɗaya duk sati. Ranar da na farko ya fito ina cikin jirgin ƙasa na Blue Line zan tafi aiki. Da kiɗan buɗewa ya tashi sai da idona ya kawo ruwa, wata Baturiya da ke kusa da ni ta miƙo mini tishu. Daga nan Madugu ya yi magana.

Harshen mai maganar nauyi ne da shi. Yana jan kalma kamar ana tilasta masa, yana haɗiye rabin haruffan, yana tsayawa numfashi a inda ba a tsayawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban jira na kai ofis ba, na sauka a tashar King Street, na tsaya a bakin layi na ɗauki saƙon murya na minti huɗu na tura gurup. Na ce duk wanda ya yi wannan aiki ya ci mutuncin dattijon da ya yi Madugu na asali, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya. Na karanto jawabin Madugu na kashi na arba'in da ka, don a ji yadda ake yi. Sa'an nan na kwaikwayi sabon, na karkace baki har da shan numfashin. Na iya kwaikwayo, wannan baiwa ce da Allah ya ba ni kuma na yi ɓarna da ita. Kafin azahar gurup ya cika da dariya.

Irene ta kira ni washegari. Ta ce, "Oga Almu, don Allah ka ba mutumin nan lokaci kaɗan. Yana ƙoƙari sosai." Na tambaye ta ko wane ne, ta ce an roƙe ta kada ta faɗa. Nan take na yanke a raina cewa wani kawunta ne ta cusa. Na buɗe ƙuri'a a gurup: a bar sabon Madugu ko a cire shi. Mutum ɗari da saba'in suka ce a cire, tara suka ce a bari. Na tura mata sakamakon ba ko gaisuwa.

A kashi na huɗu maganar Madugu ta ragu. A na shida ya miƙa wa mataimakiyarsa jirgi, ya shiga ɗakin dogon barci, irin wanda matafiyan ke kwana shekaru a ciki. Na rubuta a gurup cewa masu sauraro sun yi nasara. Har da ɗan hoton tafi na saka.

Bayan sati biyu Dokta Ilham ta kira ni. Likita ce a Gaithersburg, muna haɗuwa da ita da mijinta a taron sallah. Na san ta ɗauko mahaifinta daga Kaduna shekara biyu da suka wuce, kuma an ce yana fama da jiki. A wurinmu in aka ce mutum yana fama da jiki, addu'a kake yi, ba ka tambayar mene ne. Sadiyya ta kai masa kunu sau biyu, ni kuwa kullum sai in ce sati mai zuwa. Ilham ta ce babanta yana son ganina ranar Lahadi in ina da hali. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka dattijo ne ke neman ɗan Kaduna su yi hira.

Da na shiga falon sai na ga Irene zaune da kayan aikinta. Mahaifin Ilham, Malam Maitama, yana kan kujera kusa da taga, dogon mutum siriri, hannunsa na dama a kwance kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Lafiya lau." Muryar cikin wayar ce, wadda na kwaikwaya a King Street. Kuma yanzu da take gabana, na ji tsohuwar muryar Madugu a ƙarƙashinta, kaurin nan yana nan bai je ko'ina ba. Shekara arba'in ina cika baki na san muryar nan ko a mafarki, ga shi ta zo har kunnena ban gane ta ba.

Ilham ce ta ba ni labarin, shi yana saurare. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ya yi wata goma sha huɗu ba ya magana sai gaisuwa da neman ruwa. Irene tana zuwa gida duba shi sau uku a sati. Wata rana tana auna masa jini tana ɗan rera kiɗan Shamuwa, don ita ma a Jos da shi ta tashi, sai kawai ya buɗe baki ya ba da umarnin tashin jirgi. Daga nan shirin ya samo asali. Jimla ɗaya sai ya maimaita ta sau ashirin kafin ta ɗauku, amma yana yi, kuma maganarsa ta yau da kullum ta fara dawowa.

Sharaɗi biyu ya kafa. Na farko kada a faɗi sunansa, kamar yadda ba a faɗa a da. Na biyu a kawo masa duk abin da masu sauraro suka ce, ba a tace ba. Haka suke aiki a gidan rediyo: duk Litinin ana zazzage buhun wasiƙu a kan tebur a karanta gaban kowa, kuma ɗan wasan da masu sauraro suka ƙi, sai a nemo wa wanda yake fitowa a matsayinsa hanyar fita daga labarin. Shi da kansa ya fitar da mutum uku ta haka, ɗaya ma amininsa ne. Irene ta so ta ɓoye masa saƙona, sai ya tambaye ta ina masu ƙorafi, shirin da ba a kuka da shi ai ba a saurarensa. Ta kunna masa. Ya saurara sau biyu. Kashi na shida shi ya tsara shi da bakinsa.

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce Baba ka yafe mini, na yi ta faɗa. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Ba ka yi laifi ba," ya ce, a hankali, kalma bayan kalma. "Ka saurara. Ka faɗi abin da ka ji."

Wai ashe ganina yake son yi don ya ji na haddace kashi na arba'in, wanda shi kansa ya manta rabinsa. Muka yi hira har la'asar, ni ke yawan maganar, yana gyara mini. Da Ilham ta rako ni ƙofa ta ce in kwantar da hankalina, ba fushi yake ba. Tun da ya ji saƙona ma ya ninka atisayen maganarsa, yana gaya wa Irene cewa a kashi na goma zai ta da Madugu daga barci, sai ya gamsar da mutumin Alexandria. Ta ce, "Amma don Allah Injiniya, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Haka yake so."

Na ce to. A nan ne kuma na yi kuskuren da ya fi na farko.

Mu dai yadda aka rene mu, in ka ci mutuncin babba a bainar jama'a, a bainar jama'a kake wanke shi. Kuma na saba da kawaicin mutanenmu: a ce maka kada ka wahalar da kanka, alhali ana jiran ka yi. Sai na ɗauki roƙon Ilham a irin wannan. In na faɗi gaskiya, har da son kaina a ciki, don nauyin da ke ƙirjina ya yi mini yawa, ina neman inda zan sauke shi. Ban ma kai babban titi ba na shiga wani gidan mai na tsaya. Na ɗauki saƙon murya na biyu, wannan karon minti bakwai, ina kuka. Na faɗi sunansa, na faɗi ciwonsa, na faɗi garin da yake. Na roƙi kowa ya aiko wa Baba gaisuwa.

Suka kuwa aiko. Allah sarki Baba, Allah ya ba Baba lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Waɗanda suka fi kowa dariya su suka fi kowa yabo. Wani a Houston ya rantse muryar ta fi ta da daɗi, shi tun farko ya ji hakan, kunya ce ta hana shi faɗa. Aka sake ƙuri'a ba da sanina ba, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ce a cire ba. Wasu suka yi mota guda daga Baltimore suka kai masa lemo da ayaba, suka ɗauki hoto da shi suka saka a gurup. Irene kuma alkawari ya ɗaure ta, ta kai masa saƙonnin duka, sama da ɗari uku.

Lahadin da ta biyo na koma Gaithersburg da kaset ɗina uku a leda, ina jin kamar wanda ya gyara ɓarna. Ilham ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta dubi fuskata ba. A kan teburin falo na ga makirfon ɗin da suke ɗaukar murya da shi an naɗe wayarsa an sa a kwali.

Malam Maitama ya bar ni na gama gaisuwa. Ya daɗe yana tattara maganar kafin ta fito.

"Da farko ɗan wasa kuka ji, kuka ce bai iya ba. Wannan ana gyarawa." Ya tsaya ya huta. "Yanzu marar lafiya kuke ji. Ko tari na yi za ku ce ya yi daɗi. To wa zan yi wa wasan?"

Na ce Baba ni ina nan, ni ba zan canza ba. Na yi masa alkawari duk kashin da ya fito zan gaya masa gaskiya tsakanina da Allah, kamar yadda na yi a farko. Ya dube ni, ba da fushi ba. Ya nuna wa Ilham wata takarda da ke ƙarƙashin kwalin, ta miƙo masa. Kashi na goma ne, wurin da Madugu ke farkawa. Ya riƙe ta da hannun hagu ya karanta layi uku. Harshen ya sarƙe a na biyu, ya koma baya, ya sake sarƙewa, ya ƙarasa da ƙyar gumi na tsattsafo masa a goshi. Maganar ta fi ta kashi na farko kyau, amma da saura, da saura sosai, kuma na san daidai kalmomin da suka faɗi.

Ya ajiye takardar ya ce, "Yaya ka ji?"

Na dubi hannun nan da ke kwance kan cinyarsa. Na dubi Ilham, ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, wallahi da niyyar na buɗe.

"Ta yi daɗi, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa wa 'yarsa takardar, ya ce ta sa a kwalin.