Kafin a Kira Barmo Cikin Fili

…kuma kada ya sosa. In ya sosa wuri ɗaya, ya ta da sauran. Barmo na zaune ƙarƙashin rumfar 'yan kokowa a filin Tanut, ya danne hannuwansa da cinyoyi, yana jin abin na taso masa. Kullum daga ƙirji yake farawa. Tsit… tsit… kamar an zuba masa ƙaiƙayin hatsi cikin riga. Sai wuya. Sai bayan kunne.

Yau fa. Yau da ake zaɓen waɗanda za su tafi gasar Damagaram da sunan yankin Damargu, shi da Ilyasu na Ollelewa za a haɗa. Ilyasu da in ya kama ƙugu ba ya saki. Shi kuwa…

Kokowar garin Belbeji, watan jiya. Ya riga ya ɗaga ƙafar mutum, makaɗi har ya fara kirarinsa, sai bayansa ya kama da wuta. Hannun ne ya saki da kansa, wallahi ba shi ya sake shi ba. Hannu ya tafi susa, shi ya tafi ƙasa. Yashi a baki. Dariya. Wani tsoho na cewa jifa ne, an yi wa yaron Falanko jifa. Ya ƙara laya biyu a damtse. Fatar layun ma da ta jiƙe da gumi ƙara cinsa ta yi.

"Ba jifa ba ne, ɗan'uwa," in ji Radiya, majo, wato shugabar masu jinya a likitar garinsu Falanko, tana duba ƙananan ƙurajen da suka feso masa bayan ta sa shi ya zaga gida da gudu. "Borin jini ne. In jiki ya ɗau zafi, gumi ya taso, sai fata ta yi bori. Ka watsa ruwan sanyi, ka bar rigar leda, ka shafa man kaɗe. Ƙwayar nan kuma ka sha kafin ka motsa jiki."

Ya sha. Ya sha kuwa? Matarsa Zuhaira ta miƙo masa da fura da safe, tana cewa maigida, Allah ya ba da sa'a. Ya karɓa, sannan mai babur ya yi hon a ƙofa… A bakinsa ya sa ta ko a aljihu? Aljihu ba komai. To ya sha ke nan. Ko ta faɗi a hanya.

Ruwan sanyi na kwantar da shi, gaskiya ne. In ya dawo daga gudun asuba ya tsaya bakin randa, Zuhaira na kwara masa, kafin a jima fata ta koma lumui kamar ƙarya yake yi. Amma wa zai kwara masa ruwa a tsakiyar fili, hannun Ilyasu na wuyansa?

Baba ma da susa ya fara.

A'a. Ba yanzu ba.

Da susa ya fara. Jikin rumbu yake goga bayansa kamar akuya, yana dariya, yana cewa zafin bazara ne. Daga baya ya koma susa da karan hatsi har jini. Daga baya idanun suka yi ɗorawa. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, mutumin da ke ɗaukar damin hatsi biyu a ka ya zama sai an juya shi. Bai ga girbi ba. Majo ta ce na Baba ciwon hanta ne, nasa daban, ta ja masa fatar ido ta ce fari tas. Amma ita ba ta ga Baba ba. Da safen nan ma ya leƙa madubin babur. Fari ne? Madubin da datti. Fari ne mana… ko rana ce ta haske shi?

In ya kwanta, wa zai yi noman? Zuhaira da ciki wata bakwai. Inna da ba ta gani sosai.

Ganga ta canza. Wancan karon ya ƙare, ana ɗaga wani sama. Ga Ilyasu can yana ɗaure walki, yana tsalle, gumi na sheƙi a ƙirjinsa, ko sau ɗaya bai sosa ba. Yanzu za a ce ya tuɓe riga. Duk Tanut za ta ga ƙirjinsa ja, burɗun-burɗun.

Ƙaiƙayin ya kai kafaɗa. Ya gangara ciki. Ya Allah, tafin hannu ma.

Tsaya. Ai bai yi gudu ba. Bai yi tsalle ko ɗaya ba. Tun da ya zo yana inuwa, iska na kaɗawa, gorar ruwa na gefensa da sanyinta. Ba rana ba ce ta dafa shi yau. Zuciyar nan ce da ke dukan haƙarƙari… shi ne ke hura wutar da kansa, tun daga gida. To wannan kuma da wane ruwa ake…

"Barmo na Falanko!"

Ya miƙe. Hannun dama ya riga ya kai wuya.