Tsakiyar Kifi

"Mota ta iso," in ji lasifikar, cikin muryar mace mai murna kamar wadda ɗanta ya dawo daga aikin soja.

Malama Ha, mai koyar da magana a asibitin, ta sake danna maɓalli. "Mota ta iso." Wannan karon matar kamar za ta fashe da kuka. A karo na uku kuwa kamar za ta shaƙe direban.

"To, Kaka, wacce ce mai fushi?"

Sun-deok ta gyara zama. "Malama, motar nan sau nawa za ta iso? Ta hau mana ta ƙyale mu."

Mijinta Pal-yong yana zaune jikin bango, da wani jan akwati tsakanin ƙafafunsa. Tun safe yake jan sa, kafaɗarsa har ta soma tsami.

Wata uku ke nan da jini ya toshe a ɓarin dama na ƙwaƙwalwar Sun-deok, tana tsaka da wanke kabeji. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, baki kuwa dama bai je ko'ina ba. Abu ɗaya ne ya ƙi dawowa: tana jin kowace kalma tsaf, amma ba ta jin abin da ke cikin muryar. Wasa da faɗa da lallashi duk sun zame mata ɗaya, kamar ana karanta mata jarida.

A wani gidan da abin ya zo da sauƙi. To, Pal-yong mutumin Busan ne, garin Koriya da aka san mazansa da ƙarancin magana. Shekara arba'in da shida da aurensu, in gaskiya za a faɗa, maganarsa a gida ba ta wuce uku ba: "Ci abinci." "Ina yara?" "A kwanta." Duk sauran abin da yake nufi a cikin muryar yake sa shi, ita kuma ta iya karanta shi. Ta san "ci abinci" na ban haƙuri, ta san na "kin yi kyau yau", ta san na "ƙanenki ya ishe ni". Yanzu duk sun koma guda.

"Kaka," Malama Ha ta juyo wurinsa ta miƙa masa kati uku, fuska mai dariya, mai kuka, da mai ɗaure gira. "In za ka yi mata magana, ka ɗaga wanda ya dace. Ko kuma ka faɗa da baki: ina murna, raina ya ɓaci."

"Ni ɗan makarantar reno ne?"

"To ta duba fuskarka."

"Wace fuskar?" in ji Sun-deok. "Malama, dubi abin nan. Busasshen kifi ya fi shi motsa fuska."

Ya cusa katunan a aljihu don kawai a bar maganar.

A bakin asibiti 'yarsu Mi-ran na jira da tikitin jirgin ƙasa biyu. Jirgin ƙarfe huɗu, zuwa Seoul. Makon jiya ne Sun-deok ta kira ta a waya, a gabansa, ta ce, "Zo ki ɗauke ni. Ban san ko nauyi na zame wa ubanki ba, shi kuma ba zai faɗa ba." Pal-yong ya ji, ya ce, "Yadda kika ga dama." Ya faɗe shi ne da muryar da ko karen maƙwabta ya san roƙo ce. Ita kuwa ta ce to, ta hau haɗa kaya.

"A ci abinci tukuna," ya ce, ya ja akwatin ya yi gaba.

Suka shiga ƙaramin shagon da suka saba a bayan kasuwar kifi. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi dogo, da miya, da 'yan kwanonin ganye da na kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji. Agogon bango ya nuna biyu da kwata. Pal-yong bai dubi kowa ba. Ya sa tsinken cin abinci ya tsaga kifin, ya zare ƙayoyin gefe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko farar tsokar tsakiya ya ɗora a kan cokalin shinkafar matarsa.

"Ci."

Ta dubi cokalin. Ba ta taɓa ba.

"Wannan wane iri ne? Na 'ci ki tafi' ne?"

"Ci kawai!"

"Mi-ran, faɗa yake yi?"

"Wallahi, Umma, ni ma tun ina yarinya ban taɓa ganewa ba."

"Ba faɗa nake ba!" Pal-yong ya daka tsawar da ta sa mai shagon leƙowa daga madafa. "Haka muryata take!"

"Baban Mi-ran, ni ba na jin murya. Likita ya rubuta. Kana so in nuna maka takardar?"

Ya laluba aljihu ya zaro kati ya ɗaga sama, kamar alƙalin wasa. Bai sa tabarau ba. Mai ɗaure girar ce.

"To, ka ga," in ji ta. "Mi-ran, ɗauko akwati."

"Ba shi ba ne!" Ya watsa katunan a kan tebur, ɗaya ya faɗa cikin miya. Wasu masu dakon kifi biyu a teburin gefe suka ajiye cokulansu suka juyo da kujerunsu, ba ko kunya.

"Dattijo, faɗa mata mana," in ji ɗaya. "Mu ma mu koya."

Kunnuwan Pal-yong suka yi ja. Ya dubi agogo, ya dubi akwatin, ya dubi tsokar kifin da ke hucewa.

"In kin tafi," ya ce, "wa zan cire wa ƙaya?"

"Wannan tambaya ce. Ba na jin tambaya."

"Kina jin tambaya!"

"Yau ba na ji."

Mi-ran ta soma tattara jakarta. Sai Pal-yong ya kafa ido a kan kwanon kimchi, ya yi magana da shi kamar shi ne matar.

"Ba nauyi ba ce ke. Ranar da kika faɗi, tsoro na ji. Har yanzu ina ji. Ina so ki zauna." Ya gyara zaman kwanon. "In kina gidan, ina... murna."

"Da ƙarfi, dattijo!"

"Ku ci abincinku!"

Sun-deok ta ɗauki cokalin ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa. Pal-yong ya miƙe ya ce zai ɗebo ruwa, ko da yake kofunan a cike suke.

Tulun ruwan yana bayan wani labule, kuma labule ba ya tare magana.

"Umma," ya ji Mi-ran tana raɗa, "da gaske ba ki sani ba?"

"Muryar kam ba na ji, 'yar nan. Wani lokacin ana dariya a ɗaki sai in rasa ko da ni ake. Wannan ba daɗi." Cokali ya taɓa kwano. "Amma idona lafiya lau. Tun da na dawo daga asibiti tsakiyar kifi yake ba ni, shi ya ci kai da jela."

"To me ya sa kika sa na taso tun daga Seoul?"

"Shekara arba'in da shida ina fassara mutumin nan kyauta. Yanzu ina da takardar likita."

"Kayan da kika haɗa fa?"

"Wane kaya? Duwatsun da nake danne kabejin kimchi da su ne. Guda biyu. In ba nauyi ai ba zai yarda ba."

Pal-yong ya tsaya da kofi a hannu har ruwa ya zubo masa a takalmi. Ya taɓa kafaɗarsa. Ya tuna matattakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ta asibiti, hawa uku.

Ya dawo ya zauna, fuskar nan kamar kullum. Ya jawo sauran kifin gabansa, ya zare ƙaya, ya ɗora tsokar a kan cokalinta.

"Ci abinci."

"Wannan kuma wane iri ne?"

Ya ciro tabarau ya sa. Ya bi katunan a nitse, ya zaɓo mai ɗaure girar, ya jingina ta da kwalbar ruwa tana kallonta. Sannan ya ƙara mata wata tsokar a kan ta farko.