Gwaji Na Uku

…kuma hagu ake fara sawa, ko dama? Hagu. A'a, ko wacce ce, kada dai fata ta taɓa bayan safar hannun. Fata ce abokiyar gaba. Haka Dakta Sandoval ta faɗa musu ranar farko a kwaleji, har da murmushinta: "A ɗakin haɗa magani babu abin da ya kai ɗan Adam ƙazanta." Aji ya yi dariya. Glenda Tillery ma ta yi, don kada a ce tsohuwar ajin ba ta gane ba.

Shekara hamsin da huɗu a duniya, yau ake koya mata sa kaya.

Ga ta tsaye da ƙafa ɗaya kamar balbela, wai kada farar rigar ta shafi ƙasa. Dakta na bayan gilashi da takarda a hannu. In an gama shiri, a danna yatsu goma a kan faranti, a rufe, a ajiye kwana uku. Ko ɗigo ɗaya na ƙwayar cuta ya tsiro a kai, ka faɗi. Ta faɗi sau biyu. Na huɗu babu shi... Masana'antar maganin da ke bakin babbar hanya ba ta ɗaukar wanda ya faɗi sau uku, kuma duk faɗin wannan yanki na Carolina ta Arewa wa ya rage yana ɗaukar mutane?

Hula. Takunkumi. A hankali, Glenda.

Wannan hannun fa — shekara ashirin da shida a masaƙa. Zare ya tsinke, ta ƙulla shi ba ta ko duba ba. Mista Creech, shugaban sashensu, in baƙi sun zo wajenta yake kawo su: "Ku kalli hannun nan, inji ma kunyarsa yake ji." Sai wata Juma'a aka manna takardar rufe masaƙar a ƙofa. Injinan aka ɗaure su da kyau, aka naɗe su da bargo, aka kai su wata ƙasa. Mutane kuwa ko bargon...

Wendell, da kana raye da ka sha dariya. Matarka cikin wannan kaya, idanu kaɗai a waje.

Zobenka ma sun raba ni da shi. "Mis Glenda, doka ce, ba a shiga da zobe." Ba ya fita, Dakta. Shekara talatin da ɗaya, gaɓar ta kumbura. Sabulu, man gyaɗa, zare, duk ta gwada. A ofishin 'yan kwana-kwana aka yanke shi — ƙas, kamar an yanke farce. Yana cikin ambulan a aljihun mota. An yanke, kuma ta faɗi. Ta sake faɗuwa. To me aka yanke shi ya yi?

Zik ɗin rigar daga ƙasa zuwa sama, da yatsa biyu. Kada ki numfasa da ƙarfi.

Earline, yayarta, a waya ranar Lahadi: "Ke da boko yanzu, da furfurarki? Zo kantinmu ki riƙa jera gwangwani, ki huta wa ranki." Wata shida tana haddace abin da bakinta ba ya iya furtawa. Ƙwayoyin halittar wani ɗan ɓera ne ake kiwo cikin tankin ƙarfe, su suke yin maganin. A ba su sukari. A auna musu ɗumi. A tace musu iska sau ba adadi, in sun ɗan yi laushi ƙararrawa ta tashi, mutum biyar su rugo. Iska! Wa ya taɓa tace wa Wendell iska? Ƙurar auduga ya shaƙa tun yana saurayi, har ya zamana daga gado zuwa banɗaki sai ya huta sau biyu. Ba ƙararrawar da ta tashi. Tarinsa kaɗai, sannan shiru.

Tabarau. Safa ta biyu a kan ta farko. An gama, an gama lafiya, karo na farko babu inda ta —

Ido na ƙaiƙayi. Gumi ne? Gumi ne mana. Me zai sa ta kuka a gaban Dakta, yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yar cikinta ba...

Yatsanta na ƙarƙashin tabarau. Yaushe ya je can? Ita ba ta aike shi ba.

Dakta ta sunkuya tana rubutu. Ba ta gani ba. Ba wanda ya gani. Ga kwalbar sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta nan a kan tebur, feshi ɗaya, farantin ba zai taɓa faɗa ba. An hana, i, an hana fesawa kafin gwaji — amma wa ya taɓa riƙe mata alkawari da za ta riƙe wa wani? In ta ɗaga hannu ta ce na taɓa fuska, shi ke nan, gwangwanin Earline. In ta yi shiru... gobe a masana'anta ma ta yi shiru, jibi abin ya shiga kwalba, kwalba ta shiga jijiyar mijin wata. Wata da ke zaune a bakin gado tana ƙirga numfashi. Ta san kujerar. Ta san yadda take cin baya.

"Mis Glenda?" Muryar Dakta ce ta lasifika. "Kin shirya? Matso ga farantin."

Hannun ya tashi rabi. Ita kanta ba ta san inda ya nufa ba, kwalbar ko gilashin da Dakta ke bayansa. Kan yatsan yana sheƙi da danshi, ɗan kaɗan ne, bai kai ƙwayar gero ba... kuma ƙafafunta sun gaji, Wendell. Sun gaji ƙwarai.