Gadon da Kafinta Ya Yi Alkawari

Kafintan bakin layi ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Farawa ce tasa, ƙarasawa kuwa sai wani ikon Allah. Shagonsa cike yake da kujeru masu ƙafa uku, da kabad marar ƙofa, da wani tebur da mai shi ya gaji da zarya har ya haƙura ya sayi na roba.

To ga shi matarsa na da tsohon ciki. Tun cikin yana ƙarami ya bugi ƙirji ya ce ɗansa ba zai kwanta a gadon kasuwa ba, da hannunsa zai ƙera masa. Katako kam ya saya, mai kyau kuwa, yana nan jingine da bango yana shan ƙura.

Kada wani ya ce lalaci ne, wallahi bawan Allah ba ya zama. Zai zo da safe da niyyarsa, ya ɗauki zarto, sai ya ga ya dakushe. Garin neman abin wasawa ya ci karo da gwangwanin ƙusa a cakuɗe, ya zauna ware manya da ƙanana. Kafin ya ankara yana gidan maƙwabci yana gyara ƙofar da ba wanda ya roƙe shi. Da yamma ya koma gida a gajiye liƙis, kunya na cinsa.

"Yaya kafinta," in ji ƙanwar matarsa, "in dai gadonka za a jira, sai yaron ya yi gemu."

Ya yi dariyar yaƙe. Matar tasa kuwa a hankali ta ce, "Mu sayi na kasuwa kawai, maigida. Ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin ya fi zagi yi masa ciwo, don ya gane ta cire rai.

Ƙanwar ce dai ta haɗa shi da wani koci, mai horar da mutane yadda za su tsara aiki su kai shi ƙarshe. Kafinta ya ce shi ba ƙwallo zai buga ba, amma bai hana ba. Washegari sai ga wani gajeren mutum da fulas ɗin shayi, ya jawo kujera mai ƙafa uku ya tokare ta da bango, ya zauna abinsa.

"Me za ka yi yau?"

"Gado."

"Gado ya yi girma. Me hannunka zai fara taɓawa?"

Kafinta ya sosa ƙeya. "Sai dai in auna ƙafa ɗaya."

"To bismillah."

Ya auna, ya yanke. Yana ɗagowa idonsa ya faɗa kan fankar sama da ke karkace, ƙafarsa har ta kama hanyar tsani.

"Ina zuwa?" in ji koci.

"Minti ɗaya, fankar nan..."

Koci ya turo masa wani tsohon bokiti da ƙafa. "Kanka lafiyarsa lau, malam. Duk aikin da ya gani ne yake ɗauka gobara ce. In wani aiki ya kira ka, ɗauki guntun katako ka jefa a nan, ka ce masa ya jira layi."

Kafinta ya ji abin kamar wasan yara, amma ya jefa. Ƙwal! Abin mamaki, sai fankar ta sake shi. Kafin azahar bokiti ya kusa cika, su biyun suna ta ƙyalƙyala dariya, ga kuma ƙafafun gado a jere a kan benci.

Da za su tashi ya kai hannu zai rataye zarto, koci ya ce a'a. "Fara yanka na gaba, ka bar zarton a ciki. Gobe in ka shigo ba sai ka yi shawara da kowa ba."

Haka aka yi ta yi. Wata rana kafinta ya zame, ya wuni yana gyaran keken mai wanki, ya kira koci murya a sanyaye. Koci bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, yanzu me hannunka zai taɓa?" Daga baya ma ya daina zuwa, sai waya da safe.

Da gado ya haɗu, sai kafinta ya ce bari ya sassaƙa furanni a jikinsa, ya sake fenti, wataƙila ma ya yi masa durowa.

"Jaririn a kan fure zai kwanta?" in ji koci. "Ɗauka ka kai gida, don Allah."

Ya ɗora shi a ka, ya ratsa layi ana ta yi masa kirari. Ƙanwar matar ta girgiza gadon da ƙarfinta tana neman abin tsiya, ba ta samu ba. Matar ta shafa katakon, ta juya baya tana goge ido.

Mace aka haifa. Ranar da suka dawo daga asibiti, shi da kansa ya kwantar da jaririyar a gadon. Nan take ya hango wani ɗan gefe da bai sha goga sosai ba, ya yunƙura zai tashi. Sai jaririyar ta damƙe masa ɗan yatsa.

"Maigida, ina kuma za ka?"

"Babu ko'ina," ya ce, ya gyara zama a ƙasa.