Ƙaho Shida a Bayan Alhaji Nata'ala

Ni wanzami ne, sunana Muttaka, rumfata tana bakin kasuwar Daudawa. Alhaji Nata'ala kuwa abokina ne tun muna kiwon awaki. Manomin masara ne, ga kirki, ga taurin kan tsiya. Duk shekara kafin ruwan farko yakan zo in kafa mashi ƙaho shida a baya, in zuƙe mataccen jini, sannan ya ce ya shirya wa damina.

Bara bayan girbi ƙirjinshi ya fara ɗaurewa. Kamilu, babban ɗanshi, ya kai shi wani babban asibiti a Kano. Likitoci suka duba suka ga wata jijiya mai kai wa zuciya jini ta kumbura wuri guda, ta yi ƙullutu kamar tsohon tiyub ɗin keke. Suka ce tana iya fashewa, ko jini ya kwanta a ciki ya daskare. Sai suka bi ta jijiyar hannu, suka tura wani ɗan bututu na ragar ƙarfe mai rufi, bai wuce gaɓar yatsa ba, suka buɗe shi a wurin. Jini ya koma bi ta cikin bututun, ya rabu da ƙullutun.

Alhaji ya dawo gida lafiya lau, amma yana fushi. Wai an yi mashi aikin zuciya, ba a bar mashi ko tabo ba. 'Yan dubiya su cika zaure, su ce, "Alhaji, ina wurin aikin?" Sai ya miƙa wuyan hannu, su yi ta lalube, har wani ɗan'uwansu daga Sabuwa ya ce shi cizon sauro kawai ya gani.

Ran da na je dubiya, matarshi Hajiya Suwaibatu ta tsaya bayan ƙofar zaure ta kira ni.

"Malam Muttaka, da kai nake. An ba shi ƙwaya biyu kullum, masu tsinka jini, don kada jini ya daskare jikin ƙarfen. Likita ya ce ko kwana ɗaya kada ya tsallake. Kuma ya ce ba tsaga, ba ƙaho, don in aka yanke shi jinin ba ya tsayawa da wuri. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Hajiya."

"Ka ji dai ko?"

"Haba Hajiya, sai ka ce yaro!"

Wata huɗu ana zaman lafiya. Da zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai ga Alhaji a rumfata. Ya ce jikinshi ya yi nauyi, bayanshi kamar an ɗora mashi buhu, in kafa mashi ƙaho. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya ce ashe abotar tamu ta baki ce. Na ce ko ta mi ce, ba ni kafawa. Ya kira ni matsoraci, na kira shi tsohon banza, muka yi sallama.

Bayan kwana takwas ya dawo da hantsi, yana murmushi.

"Wanzam, an warware matsalar. Jinina ya koma daidai. In ba ka yarda ba, gwada ka gani."

Ya miƙo damtse. Ni kuma, Allah ya yafe mani, hannuna ya daɗe yana ƙaiƙayi. Na ɗauki aska na yi 'yar tsaga guda. Jini ya fito, ya yi ɗigo biyu, ya tsaya cak. Na ce a raina to, wataƙila likita ya sallame shi daga maganin. Ban tambaya ba. Ban tambaya ba don ba ni son jin amsar, gaskiyar ke nan.

Ya tuɓe riga ya zauna kan tabarma. Na kafa ƙaho shida, na tsaga, na mayar, na zuƙa, na liƙe bakin kowane. Da na cire na farko, wallahi sai da na yi kabbara. Jini baƙi ƙirin, guda-guda, irin wanda wanzami ke ɗagawa ya nuna wa jama'a. Na ko ɗaga na nuna. Masu jiran aski suka ce, "Kai! Duk wannan a jikin mutum?" Alhaji sai fankama yake, yana cewa abin da likitocin Kano suka kasa gani ke nan.

Ina goge mashi baya na ce, "To yaushe likitan ya tsayar da maganin?"

Ya fashe da dariya. Ya jawo rigarshi, ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ƙullin leda ya kwance. Ƙwayoyi ne, goma sha shida.

"Ni na tsayar da kayana. Ba cewa suka yi maganin ke hana jini tsayawa ba? To sai na ɗaga mashi ƙafa. Hajiya ta ba ni, in kai baki, ta juya, in jefa aljihu. Tunda an yi ƙahon, gobe in ci gaba da sha. Ka ga dabara ko?"

Na dubi ƙwayoyin, na dubi gudan jinin da ke cikin kasko. Abin da ya daskare a ƙahona, mi zai hana shi daskarewa a cikin ɗan bututun can?

Na ce, "Alhaji, Allah ya shirye ka. Kai da hankalinka?"

Ya buɗe baki zai rama, sai ya dafe ƙirji. Zufa ta karyo mashi kamar an watsa ruwa, leɓenshi ya yi fari. Ya ce, "Muttaka, wani ya hau mani ƙirji." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna samari. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Na buga wa Kamilu waya, ya zo da mota a guje. Shi kuma ya kira likitan Kano, likita ya faɗi adadin da za a ba shi daga ledar ya tauna nan take, a wuce da shi asibiti mafi kusa. Muka kwasa sai Funtua, ni da zabirata a kafaɗa, ban ma san na ɗauko ta ba. Can suka yi mashi allura suka sa shi motar asibiti zuwa Kano, ni ma na shiga. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi nishi, ni kuma in ce, "Sannu, tsohon banza, kada ka kuskura ka mutu a hannuna."

A Kano suka sake bi ta hannu. Gudan jini ya toshe bututun, suka zuƙe shi, suka buɗe hanyar. Da la'asar likitan ya fito, ya ce rai ya tsira, amma wani sashe na zuciyar ya daɗe ba jini, ya raunana, ba zai koma yadda yake ba. Noma da hannu ya ƙare. Sannan ya ce, "Wai wane ne ya yi mashi zanen nan a baya?"

Kamilu ya dube ni. Ni kuma na dubi silin.

Hajiya ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Da muka dawo gida, ta bayan ƙofar zauren ta ce, "Malam Muttaka, ka ce ka ji." Shi ke nan abin da ta faɗa, kuma har yau yana ci na.

Damina ta sauka, Kamilu ya ɗauki 'yan ƙwadago, Alhaji yana zaune a zaure yana jin ƙamshin ƙasa yana tsaki. Ran Juma'a na je yi mashi aski a gida. Hajiya ta ce yana shan maganin, shi ma ya rantse yana sha, amma mutumin da ya yi kwana takwas yana cika aljihu, rantsuwarshi ba ta kwantar mani da hankali ba. Ina cikin aski ya juyo zai yi mani gardama kan kuɗin taki, aska ta ɗan shafce shi a bayan kunne.

Jini ya zubo, ja wur, tsinkakke. Na danna auduga, ya jiƙe ta. Na sake wata, ya jiƙe ta. Sai da na ƙirga ɗari uku ina dannawa bai gama tsayawa ba, ya ɓata mashi wuyan farar riga.

Alhaji ya ce, "Ka yanke ni, kuma dariya kake? Wane irin wanzami ne kai?"

Ba dariya nake ba. Na ƙara danna audugar, na goge idona da kafaɗa, na ce, "Alhamdulillahi. Zauna daidai in ƙarasa."