Ranar da Na Ƙi Ɗaukar Tasi Yawa

Tasi Yawa ƙanwar mahaifina ce (Tasi goggo ke nan a harshenmu), ita ta raine ni tun ina 'yar shekara huɗu. Shekara hamsin ta yi tana bandar kifi a bakin tafki a Kpando, kuma kowa ya san bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Tana da shekara tamanin da ɗaya santsi ya kwashe ta a bayan murhu, ƙashin ƙugunta ya karye.

An yi mata aiki a wani asibiti a Ho. Bayan kwana tara aka miƙo mini ƙullin magani da takarda mai rubutun da na kasa karantawa, aka ce mu tafi. Na shimfiɗa mata tabarma, na hana ta motsi, don a ganina mai karaya kwanciya ce maganinsa. Da safe in ɗauki abolo, wainar masarar da nake sayarwa, in tafi kasuwa, sai la'asar in dawo. Cikin sati uku gyambo ya ɓarke mata a ƙasan baya, zazzaɓi ya rufe ta. Da muka koma asibiti ko gane ni ba ta yi.

Sai da ta yi wata guda kafin ta dawo hayyacinta. Ranar wata Litinin shugabar masu jinya, Sista Dzidzor, ta zo bakin gado da takarda.

"Daavi Akpene, an sallame ku. Nemo mota."

"Ba zan ɗauke ta ba."

Tasi ta ɗago kai. "Ke Akpene, sayar musu da ni kika yi? Ai da sun tambaya, da an gaya musu tsohon kaya ne."

Ban kula ta ba. Na ce, "Sista, wancan karon don ƙauna na kusa kashe ta. Ba wanda ya ce mini a riƙa juya ta. Ba wanda ya ce a tayar da ita tsaye. Ba zan sake ba sai an koya mini."

"Gado arba'in gare ni, hannu biyu. Ga mata biyu can a baranda suna jiran gadon nan." Ta dubi bayan Tasi, ta dube ni. "Ko na koya miki, ke kaɗai ce. Duk bayan awa biyu ake juya ta. Ke inji ce?"

"Ba ni kwana uku."

"Alhamis da azahar. Ko minti ɗaya ba ƙari."

Na hau mota na koma gida, na zarce wurin ƙungiyarmu ta mata masu waƙa a gidan makoki. Tasi ta shekara arba'in a cikinta. Na tarar suna koyon sabuwar waƙa a gindin mangwaro. Na ce, "In ta mutu gobe, duk za ku ɗaura baƙi da ja, ku yi kwana uku kuna rera mata. Ni awa biyu nake roƙo, tun tana ji."

Wata ta ce wankin najasa ba aikin ƙungiya ba ne. Shugabarmu Daavi Mawutor ta juya gare ta. "Da kika haifi tagwaye, wa ya wanke miki zannuwa?" Matar ta sunkuyar da kai. Mutum bakwai suka amsa.

Ranar Alhamis muka shiga ɗakin jinya mu takwas, sanye da ankon ƙungiya. Wani tsoho a baranda ya dafe ƙirji, ya zaci wani ne ya cika. Sista Dzidzor ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta naɗe hannun riga. Ta nuna mana yadda ake juya mutum da zanen gado ba tare da an ja ƙafarsa ba, inda ake cusa matashi, yadda ake wanke gyambo, da kalar da in an gani sai a garzayo. Kowace sai da ta gwada, Tasi kuwa tana ba da maki.

"Wannan hannunta kamar na mahauci. A kawo wata."

Sista ta sake rubuta magungunan da harshenmu, ta zana rana a kan na safe. Sai ta buga wa ma'aikaciyar jinya ta ƙaramin asibitin garinmu waya a gabanmu, ta karanta mata komai, suka tsayar da ranar da za ta riƙa leƙowa.

Kafin mu iso gida Efo Agbenyega, mai ƙera akwatin gawa, ya haɗa gado mai tsayi da kujerar bayan gida, ya kafa sanduna biyu daga ƙofar ɗaki zuwa gindin lemo. Yana cikin gwaji Tasi ta ce, "Agbenyega, awon da kake yi na yau ne ko na gobe?"

"Tasi, na gobe ai tuni na ajiye katakon. Ke ce kika ƙi zuwa."

Ba duka ne ya tafi sumul ba. Sati na biyu mutum biyu suka janye. Ranar da muka fara tsayar da ita tsakanin sanduna, ta zage mu har kakanni, ta wurga wa Daavi Mawutor kwanon miyar kuɓewa. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Da na fito na tarar da Daavi Mawutor, da miya a gaban rigarta, ta ɗauko waƙar masunta ta jan taru, sauran suna amsawa, Tasi na ɗaga ƙafa a kan kowane amshi, tana zagi. Taku huɗu ta yi ranar. Gyambon ya rufe a wata na biyu. A na huɗu ta kai gindin lemo ba mai riƙe ta.

Bayan Kirsimeti Sista Dzidzor ta kira ni. Ta ce ta shawo kan manyanta: daga yanzu ba tsohon da za a sallama a ɗakinta sai an zaunar da danginsa ranar Alhamis, an koya musu, an kuma buga wa asibitin garinsu waya. Tana so in zo in yi musu magana.

Tasi ta ce ƙafata ƙafarta.

Muka tarar da mutum kusan ashirin a kan benci. Na shirya abin da zan faɗa tun a mota, amma ban samu buɗe baki ba. Tasi ta ratsa tsakiyarsu da sandarta, taku ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya gaban wani ƙato mai kwat da ke latsa waya.

"Wa kake da shi a nan?"

"Mahaifina ne, Mama. Amma matata ce za ta..."

"Matarka ce ya haifa? Ajiye abin nan. Tashi."

Ya tashi. Ta miƙa mini sandar, ta hau gadon gwaji da kanta, ta miƙe.

"To, juya ni. In ka ja mini ƙafa, za ka san sunan kakarka."